Arzikin ƙasa na hauhawa, masana'antun Damagaram na tsaye: ina gizo ke saƙar?

A shekarar 2024 tattalin arzikin Nijar ya ƙaru da fiye da kashi 8 cikin 100, abin da ya sa ƙasar cikin na gaba-gaba a Afirka baki ɗaya. Alkaluman gaskiya ne. Amma mai shago a kasuwar Dole ta Zinder, ko matashin da ke tura amalanken ga-ruwa a Garin Malam, in aka ce masa arzikin ƙasa ya ƙaru haka, zai tambaya ta wace hanya ya bi. Shi ma gaskiyarsa ce. Tazarar da ke tsakanin waɗannan gaskiya biyu ita ce babbar matsalar cigaban Afirka a yau, kuma a Damagaram ana iya ganin ta ƙuru-ƙuru.

Babban ɓangare na ƙarin na 2024 daga man fetur ya fito. A watan Mayun shekarar aka fara lodin ɗanyen man Agadem a jirgin ruwa a Seme ta ƙasar Benin, bayan kammala bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 wanda aka tsara ya ɗauki ganga 90,000 a kowace rana. Kafin nan ganga 20,000 kacal ake haƙowa, wadda ke biyo wani bututun zuwa matatar SORAZ da ke arewa da birnin Zinder kan hanyar Tanut. An buɗe matatar a watan Nuwamban 2011, kamfanin CNPC na ƙasar Sin na da kashi 60, gwamnatin Nijar na da 40. Duk gangar da ta fita ana lissafa ta cikin arzikin ƙasa. Sai dai bututu ba ya buƙatar hannaye da yawa, matata kuma da ɗaruruwa ake ƙirga ma'aikatanta. Jihar Damagaram kuwa, a ƙidayar 2012 ma, ta haura mutum miliyan 3 da rabi, ita ce ta fi kowace jiha yawan jama'a. Al'ummar ƙasar na ƙaruwa da fiye da kashi 3 cikin 100 duk shekara, wato tana ninkawa cikin kimanin shekara 20. Saboda haka in arziki ya ƙaru da kashi 5, abin da ya rage wa kowane mutum bai kai kashi 2 ba, ko da an raba daidai, alhali ba a taɓa rabawa daidai.

Haka lamarin yake a nahiyar. Bankin Raya Afirka ya daɗe yana faɗin cewa matasa miliyan 10 zuwa 12 ke shiga neman aiki kowace shekara, guraben aikin albashi da ake samarwa kuwa kimanin miliyan 3 ne. Kason masana'antu a arzikin ƙasashen kudu da Sahara yana yawo ne kusa da kashi 10 cikin 100, kuma abin da Afirka ke ƙerawa bai wuce kashi 2 na ƙirar duniya ba. A ƙasashen gabashin Asiya, manomin da ya bar gona masaƙa ko masana'antar takalma ya shiga, inda aikinsa na yini ya ninka daraja. A nan, wanda ya bar gona a Kance ko Damagaram Takaya kabu-kabu yake shiga, ko tallan katin waya, ko ya tafi ci-rani Aljeriya da Libiya. Ya sauya wuri, amma abin da hannunsa ke samarwa bai ƙaru ba.

Bai kamata a ɗauka ƙira baƙuwa ce a wannan gari ba. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, a nan Birni ake zuba igwa da haɗa albarushi, ayarin raƙuma kuma na ɗaukar jemammiyar fata da gashin jimina zuwa Tarabulus. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta juya fuskar ciniki zuwa kudu, mayar da babban birni Yamai a 1926 kuma ta janye hukuma da kuɗinta. Bayan ƴancin kai aka sake gwadawa da gaske. An kafa SONARA a 1962 don cinikin gyaɗa, wadda a lokacin ita ke kawo fiye da rabin kuɗin da ƙasa ke samu daga waje. An yi injinan tatsar mai a Magarya da Matamaye, an yi SOTRAMIL a Zinder don sarrafa gero ya zama gari da taliya. Farin da ya faro daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1974 ya karya noman, sannan a 1975 darɓa ta yaɗa kuturtar gyaɗa ta cinye abin da ya saura. Manoma suka koma gero da wake, domin ciki ne gaba. Injinan suka tsaya ba don sun lalace ba, sai don babu abin zuba musu. Hankalin gwamnati a lokacin ya riga ya koma kan yuraniyom na Arlit, wanda shi ma farashinsa ya faɗi a farkon shekarun 1980, daga nan aka shiga tsuke bakin aljihu da sayar da kamfanonin gwamnati.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, masana'anta ita ce zoben ƙarshe na sarƙa mai tsawo, kuma yawanci ba a cikin ginin take mutuwa ba. Fatar akuya ta fi komai nuna wannan.

Jar akuyar Maradi, wadda ake kiwo har kudancin Damagaram, fatarta na cikin mafi kyau a duniya wajen yin safar hannu da takalma masu tsada, saboda laushinta da ƙarfin zarenta. Amma darajar fata tun kafin yanka ake fara zubar da ita. Kaska da kirci suna barin tabo, ƙayar daji na karce ta, lambar wuta da makiyayi ke ɗora wa dabba a gefen ciki tana lalata wurin da ya fi tsada. A mahauta, wuƙa mai tsini a hannun yaron da ake biya kan yawan dabbobin da ya feɗe tana huda ta ko ta zaftare ta daga ciki. Akuya da tunkiya da hannu ya kamata a zare musu fata bayan an tsaga, ba da wuƙa ba. Daga nan sa'o'i kaɗan gare ta kafin ta soma ruɓa a zafinmu. Ko dai a shafe ta da gishiri mai tsabta, kimanin kashi 40 cikin 100 na nauyinta, ko a ɗaure ta a firam a inuwa mai iska. Abin da aka fi yi shi ne a shimfiɗa ta a ƙasa cikin rana a danne da duwatsu. Samanta ya bushe ƙarau, cikinta na dahuwa, aibin kuma ba ya fitowa sai an jiƙa ta a majema ta fara sabulewa. Mai majema da ya sayi fata 1,000 bai san ko 600 ne za su yi daraja ta ɗaya ko 300 ba, don haka yake taya duka da farashin mara kyau. Mahaucin da ya kula da wanda bai kula ba kuɗinsu ɗaya, to don me zai kula? Nan ne sarƙar ke tsinkewa, kuma ba inji ne zai ɗaura ta ba, sai masu tantance fata a mahauta da kasuwannin dabbobi irin na Kundumawa da Bakin Birji, da farashi hawa uku da kowa ya sani.

A cikin majemar zamani, fata na bin matakai: jiƙo, sai farar ƙasa da sinadarin cire gashi, sai kankare nama, sai wanke farar ƙasar, sai tsami da gishiri, sai jima da sinadarin kurom wanda ke ba ta launin shuɗi-shuɗi. A wannan matakin yawancin fatar Afirka ke barin nahiyar. Riba mai kauri tana gaba, wajen sake jima, rini, shafa mai, busarwa da gogewa, sannan yanka da ɗinki. Kowane kilo na ɗanyar fata yana shan ruwa lita 30 zuwa 40 a wannan tafiya. Majemar da ke sarrafa tan 2 a yini tana buƙatar lita 60,000 zuwa 80,000, kuma ruwan da ta zubar yana ɗauke da guba da dole a tace. A garin da ke zaune kan dutse, wanda ruwansa daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram ake jawo shi, kuma unguwanni ke kwana da kwanaki famfo bai ɗiga ba a watan Afrilu da Mayu, wannan lissafi shi ne farkon magana. Jimar bagaruwa da majemanmu na gargajiya suka gada ba ta da wannan guba, kuma tana da masu nema a Turai, sai dai masu sayen suna son fata 5,000 masu kauri ɗaya da launi ɗaya, ba wari. Wannan kuwa aikin awo ne: ganga mai juyawa, sikeli, ma'aunin tsami, da littafin da ake rubuta abin da aka zuba.

Wasu na cewa a hana fitar da ɗanyar fata kawai. Habasha ta gwada makamancin haka a 2008 da harajin kashi 150 cikin 100, ta kuma samu ƙarin masana'antun takalma, amma majemunta da dama sun ci gaba da aiki ƙasa da ƙarfinsu saboda rashin fata mai kyau. Mu da ke da iyakar kusan kilomita 1,500 da Nijeriya, inda majemun Kano ke jira, fatar shanu kuma ake cinye ta a matsayin ganda, doka kaɗai za ta ƙara wa ƴan fasa-ƙwauri riba ne, ta rage wa makiyayi farashi.

Gyaɗa kuma wani darasin take bayarwa, na jari. A ɗauki ƙaramin injin da ke tatsar tan 2 na ɓararriyar gyaɗa a yini, kwana 250 a shekara. Tan 500 ke nan, wato fiye da tan 700 da ɓawo, tunda ƙwaya kusan kashi 70 cikin 100 ce ta nauyin. Inji mai kyau zai ba da mai kimanin kashi 40, saura tunkuza. Matsalar ita ce gyaɗa tana araha ne daga Oktoba zuwa Disamba. Wanda bai saye ta shekara guda a wannan tsakanin ba, zai saye ta da tsada a bazara ko ya rufe. Kuɗin wannan saye sau da yawa ya fi kuɗin injin kansa, kuma shi ne wanda masu kafa masana'anta suka fi mantawa da shi. Banki na son takardar gida a matsayin jingina, bashinsa gajere ne, ruwansa mai nauyi, ga kuma ƴan kasuwa da dama da ke gudun bashin ruwa saboda addini. Shi ya sa za ka ga inji sabo fil yana aiki wata huɗu yana hutun wata takwas, alhali albashin mai gadi da kuɗin haya da haraji ba sa hutu. Maganin da aka sani shi ne jinginar kaya a sito: a ajiye gyaɗar a ma'ajiya mai makulli biyu, ɗaya hannun mai kaya ɗaya hannun mai ba da kuɗi, ana fitar da ita kaɗan-kaɗan ana biya. Ƙungiyoyin manoma a Nijar sun shafe shekaru suna yin haka da gero da wake. Abin da ya rage shi ne a ɗaga shi zuwa girman masana'anta, da sito na gaske da mai awo da kowa ya yarda da shi.

Sai gubar da ba a gani. Gyaɗar da aka tara da danshi, ko aka bar ta a ƙasa raɓa na sauka a kanta, tana yin fumfuna mai haifar da afalatoksin, wanda ke lalata hanta ya kuma hana yara girma. Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci da wannan guba a cikinta ta wuce kashi 4 cikin miliyar ɗaya. Kiyaye wannan ba ya buƙatar abin mamaki: a tuge a kan lokaci, a shanya a kan tamfol har danshi ya sauka ƙasa da kashi 8 cikin 100, a tsince masu baƙi da waɗanda suka yamushe, a ɗora buhuna a kan katako nesa da bango. Amma sai da ɗakin gwaji a kusa wanda takardarsa ke da daraja a wajen mai saye. In sai an aika samfur Yamai, kilomita kusan 900, an jira makonni, ciniki ya wuce. Matan da ke tuyar ƙuli-ƙuli da tatsar mai a Mirya da Matamaye su ne ainihin masana'antar gyaɗar da ta rage, kuma duk tsarin da ya tsallake su ya tafi neman babban mai jari daga waje ya bar ƙwarewa a baya.

Wutar lantarki ba sai an tsawaita ba, kowa na ji a jikinsa. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga Nijeriya take zuwa, yankin Maradi da Zinder ta layin Katsina zuwa Gazawa. Da aka yanke ta a watan Agustan 2023 saboda takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, an ga abin da dogaro da layi ɗaya ke jawowa. Madatsar Kandaji mai megawat 130, da aka aza tubalinta tun 2008, tana can yamma mai nisa. Injin gurup, wato janareta, yana shan kusan sulusin lita na gazuwal kan kowane kilowat na awa ɗaya, ban da mai da gyara, don haka wutarsa ta ninka ta layi tsada. Ga masana'anta, yankewar ba zato ta fi tsadar ciwo: fatar da ke cikin ganga ta tsaya cikin sinadari, robar da ke narke ta daskare a bututu, madarar da ke sanyi ta lalace. Hasken rana, wanda Allah ya hore mana, yanzu yana iya ɗaukar aikin yini na ƙaramin inji, amma kuɗinsa a farko ake biya gaba ɗaya, abin da ya sake mayar da mu kan maganar jari.

Akwai kuma Kano, kilomita kusan 240 daga nan, wadda duk mai son ƙera wani abu a Damagaram da ita yake kokawa ko ya sani ko bai sani ba. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kan kowane ɗaya. Naira kuwa ta faɗi daga kimanin 460 kan dala a watan Mayun 2023 zuwa fiye da 1,400 a farkon 2024. In naira ta faɗi, sabulu da bokiti da taliya da man girki na Kano su cika kasuwa da farashin da ba mai iya karawa da shi, dillalan dabbobi daga kudu kuma su rage taye. In naira ta yi ƙarfi, gyaɗa da wake da riɗi da fata su bi ta Magarya da Ɗan Barto su tafi, mai inji a nan ya rasa abin sarrafawa. Ta kowane gefe akwai matsi. Ko man fetur bai tsira ba: da Nijeriya ta janye tallafi a 2023, man bumburutu da ke cike giɓi ya ja baya, buƙata ta koma kan SORAZ fiye da ƙarfinta, har aka ga dogayen layuka a gidajen mai a watan Maris na 2025, a ƙasar da ke fitar da ɗanyen mai.

Nisa daga teku, wanda kullum ake kuka da shi, yana da fuska biyu. Kwantenar da za ta zo daga Kwatano sai ta yi fiye da kilomita 1,500 a mota, kuma tun rufe iyakar Benin a 2023 hanyar Lome ta Burkina Faso ta ƙara tsawo da haɗari da kuɗi. Wannan yana kashe duk masana'antar da ke shigo da kayan aikinta daga ƙetare don ta sake fitarwa, irin abin da Maroko ta yi da motocin Renault a Tanja tun 2012, ko Habasha da ɗinkin tufafi a Hawasa tun 2016. Kwaikwayon waɗannan a nan ɓata kuɗi ne. Amma nisan nan kariya ce ga kaya masu nauyi da araha waɗanda ɗanyensu yake nan: man girki, abincin dabbobi daga tunkuza da dusa da kowar wake, garin gero da na wake a leda, tubali, kilishi mai tsabta da ranar lalacewa a jikinsa. A ganina nan ya kamata ƙarfi ya tafi, ko da ba su da ƙyalli a ranar yanke kyalle.

Yarjejeniyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka, wadda aka sa wa hannu a Kigali a 2018 aka kuma ƙaddamar a Yamai a watan Yulin 2019, an yi ta ne don ɗaga cinikin ƙasashen nahiyar da junansu daga kimanin kashi 15 cikin 100 da yake kai. Wata guda bayan bikin Yamai, Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa har zuwa Disamban 2020. Mai zuba jari yana kallon irin wannan fiye da yadda yake kallon takarda. Jirgin ƙasan Kano zuwa Maradi da ake shimfiɗawa, kilomita 284, zai rage kuɗin dako, amma ta gefe biyu zai rage shi, kuma wanda ya riga ya shirya shi zai ci moriya.

Kuɗin man fetur dama ce mai wa'adi, kuma yana da saurin ƙarewa tun bai shigo ba. A watan Afrilun 2024 gwamnati ta karɓi dala miliyan 400 daga CNPC a matsayin kuɗin gaba, da za a biya da ɗanyen mai cikin shekara guda. Matsin tsaro da albashi gaskiya ne, ba wanda zai musa. Duk da haka, in za a keɓe wani kaso da doka don abubuwan da ɗan kasuwa ɗaya ba zai iya yi wa kansa ba, jerin a Damagaram sananne ne: bututun ruwa na musamman da wurin tace ƙazamin ruwa a fili guda da majemu za su taru, layin wuta da ba a yanke shi da rana, sito, da ɗakin gwaji wanda Jami'ar André Salifou za ta iya riƙewa.

Sai mutanen da za su riƙe injin. Yawancin injinan da ke kwance a jihar nan ƙaramin abu ne ya kwantar da su: boris da ya ci, bel da ya tsinke, dunƙulen matsi da yashin cikin gyaɗa ya cinye saboda ba a sa rariya da maganaɗisu a gabansa ba. An sayo su daga ƙasar da ba ta da wakili a kusa, ba littafi, ba kayan canji. Kafin a biya kuɗin inji, a tambaya wane maƙeri ko mai walda a Zinder, ko a ƙalla a Maradi ko Kano, zai iya ƙera ɓangarorin da ke saurin ci, a kuma sayo na shekara biyu tare da shi. A sa mai gyaran ya tsaya a wurin ranar da ake haɗawa, ya kwance ya ɗaura da hannunsa kafin wanda ya kawo injin ya koma ƙasarsu.